Baba Sila da Firizar Maman Ekene

La'asar ta yi, hadari ya haɗo daga wajen Dabai, iska tana ta kaɗa wayoyin wuta. A irin wannan lokaci, in ka biyo ta layinmu a nan Zuru, za ka iske Baba Sila a kan benci, ya ɗaga kai yana kallon ƙwan lantarki guda da ke rataye a barandarsa. Ƙwan nan ba a kashe shi. Baba tsohon soja ne, kuma tun da ya ajiye kaki ya ɗauki wannan gadi da ba wanda ya sa shi.

In an ɗauke wuta, sai ya tura saƙo ofishin wuta ya faɗi layin da lokacin. In an kawo, sai ya fara duba ƙwan tukuna. In haskensa na kullum ne, shi ke nan. In kuwa ya yi fari fat yana 'yar ƙara, to wuta ta zo da ƙarfi, sai ya tashi ya yi ta buga wani tsohon ƙarfen taya da ya rataye a mangwaron ƙofarsa. Duk wanda ya ji, ya zare kayansa daga soket.

Da fari dariya aka yi ta masa. Lawwali mai walda yakan ce, "Baba Soja, yaƙi fa ya ƙare, ka sauka daga gadin nan."

Shi kuma ya ce, "Wannan abokin gaban ta waya yake shigowa, ɗana, ba ya sallama."

Sai ga abin da ya sami Nkiruka, wadda muke kira Maman Ekene. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara da firiza ɗaya, a rumfar gaban shagonta, inda take sayar da kifi da ƙanƙara. Firizar nan ita ce abincinsu, ita ce makarantar yaran. Wata Lahadi tana coci wuta ta zo da ƙarfi. Baba ya buga ƙarfe har hannunsa ya gaji, amma ba kowa a shagon. Ko da ta dawo, ƙaurin ƙuna ne ya tarbe ta.

Washegari da safe ta kira 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa. Sun ɗora firizar a kura ke nan Baba ya iso ya riƙe hannun kurar.

"Mi kike shirin yi, ɗiyata?"

"Baba, ka bar ni. Gawa ce. Gara in samu na garin kwaki."

"Gawar ce shaidarki. In ta tafi, mi za ki nuna wa 'yan ofishin wuta?"

Wannan shi ne kuskurenmu tun da can. In abu ya ƙone, mu yi maza mu kai gyara ko mu sayar, sannan mu je ofis da baki kawai. Su ce ina abin, mu juyo gida hannu wofi. Baba ya sa aka sauke firizar a barandarsa, ya ɗauki hotonta, ya lulluɓe ta da tamfol, ya ce ko ƙusa ɗaya kada a kwance. Ya bi gida gida yana neman waɗanda ƙwayayen wutarsu suka fashe a ranar, har da Lawwali, wanda ya zo da nasa a leda yana sunkuyar da kai.

Abin bai zo da sauƙi ba. Baba ya je ofis ya dawo, ya koma ya dawo, ya shiga motar Birnin Kebbi zuwa babban ofishinsu da gwiwarsa mai ciwo. Ita kuwa ta koma tallar busasshen kifi a faranti, ta rame. Mutanen layi sun ji ranar da ta tsaya a ƙofarsa tana cewa, "Baba, ka mai da ni mai ajiyar bola. Yarana ba za su ci tamfol ba." Shi dai ya aika musu da dawa daga rumbunsa.

Damina na gab da wucewa ma'aikatan wuta suka zo. Suka yaye tamfol, suka duba, suka hau wajen taransifoma suka sami wayar da ta kwance. Aka biya ta diyya, ta sayi wata firizar.

Yanzu idon Baba ya yi rauni, da kunne yake gane ƙarar ƙwan. Ɗiyarsa Rebecca ta ce ƙarshen watan nan za ta tafi da shi Dabai ya huta.

Baba, ni ban yi karatu mai nisa ba, amma wannan na gani da idona. Kai ne ka koya mana cewa wanda aka yi wa ɓarna yana da bakin magana, in ya yi haƙuri ya ajiye shaidarsa. Kai ne mai gadin da ba a ɗauka ba, ba a kuma sallama ba. Mun gode, Allah ya ba ka lafiyar ido da ta gwiwa. Mu kuma da muka rage, ƙarfen nan zai zauna a mangwaro, kada mu bari ya yi tsatsa. Kowane layi ya samu mutum ɗaya mai kallon ƙwan wuta.

Shekaranjiya ma aka ɗauke wuta ana shirin ruwa, Maman Ekene ta tafi kasuwa. Na ga Baba ya dogara sandarsa ya tsallaka titi, ya laluba bango a rumfarta har ya sami fulogin firizar, ya zare, ya koma bencinsa. Da ta dawo ta tsaya tana faɗa, wai wane mai rigima ne yake taɓa mata kaya. Baba yana ji. Ya gyara zama, ya karkata kunne wajen ƙwan.