Tayar da Ke Ƙarƙashin Injin Yaya

A farkon shekarun dubu biyu, aikina shi ne zana teburin ƙarfe da ake ɗaure injin jirgi mai saukar ungulu a kai, a gwada shi kafin a mayar da shi jikin jirgi. Na'urar da na haɗa don auna girgizar injin ta hana ni sakat, kullum allurarta sai rawa. Na ɗauki hutu na taho gida Bunkure, amma sai da na jefo ta a jaka. Zama ya gagare ni. Ko tuwo a tsaye nake ci.

A kwana na uku na bi Yaya gonar tumatir. Injin ban ruwansa na bakin kanal, a kan tsohuwar taya kamar na kowa. Na liƙa wa injin wayar na'urata. Da na ga tayar tana shanye girgizar, sai na kashe injin, na janye tayar, na dire shi a kan siminti.

"Injiniya, mayar da tayar nan," in ji Yaya.

Raina ya ɓaci. Na ce ni da nake ɗaure injin jirgin sama, ba a kan wannan ɗan abin za a koya mini aiki ba.

Na ja igiya, injin ya tashi. Allura ta tsaya cak, abin da na yi wata biyu ina nema. Ashe injin rarrafe yake yi a kan simintin. Sai ji na yi tsundum, ya faɗa kanal, wayar ta fizge na'urar daga hannuna.

Yaya ya naɗe ƙafar wandonsa, ya dube ni.

"Shi na jirgin naku, in ya tafi, wa yake tsamo muku shi?"