Hayaƙin Kufanmu

Ɗiyar ƙanena sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa tun tana goye nake ce mata Inna. Ta yi lakwal, karatun boko mai zurfi. Aikinta yanzu lissafin hayaƙin da 'yan Adam ke turawa sama, na murhu da na mota da na sassabe, don a san yadda yake tare hasken rana da yadda yake taɓa damina. Bara da kaka ta zo gaishe ni a Magariya, da na'urarta a jaka.

A zaure ta buɗe mini taswirar duniya. Ko'ina jajayen ɗigo ne, kamar wasullan da muke sa wa rubutu da jan tawada. Ta jawo Damagaram kusa, ta jawo Yekuwa. Can gefe na hango ɗigo guda shi kaɗai.

"Nan kuma ina ne?"

"Garinku ne mana, Baffa. Ga shi nan yana ta hayaƙi."

Na nemi tsari da Allah. Rijiyar garin nan ta rufta tun ba a haifi yarinyar nan ba, kowa ya kama gabansa. Kaburbura kawai muka bari.

Ta yi dariya. "Haba Baffa, kai malami guda, da ke kore wa mutane tsoro! Na'ura ba ta ganin hayaƙi. Tsohuwar ƙidaya aka ba ta, ita kuwa a wurinta duk inda mutum yake akwai tukunya a kan wuta. In ka tabbatar mini ba kowa, sai in cire shi daga lissafina."

Na ƙura wa ɗigon ido. Mahaifiyarmu ba ta taɓa barin wutarta ta mutu ba. Da toka take rufe ta, da safe matan gari su zo da kasko su ɗiba. Ga shi ana neman bakina a kashe abin da ya rage.

Washegari na hau kabu-kabu zuwa Yekuwa, na ƙarasa da ƙafa. Da la'asar na isa. Tumfafiya ta cinye tsakar gidanmu, amma duwatsun murhun mahaifiyarmu suna nan a inuwar tsamiya. Na ɗora hannu a kan ɗaya, na ji ɗumi. Na ce rana ce. Na taɓa wani dutse da ke gefensu, a inuwa ɗaya, na ji shi da sanyi. Sannan ƙaurin karan gero ya zo mini, irin na tuwon yamma. Ba iska, ba sawun kowa sai nawa. Na yi wa mamata addu'a, na juyo ban waiwaya ba.

Da na koma Magariya, Inna ta ce, "Baffa, ka ga mutum?"

"Ban ga mutum ba."

Iyakar abin da ta tambaya ke nan, kuma gaskiya na faɗa.

"To in kashe?"

"Kashe, Inna. Ke kaɗai kika isa."

Ta danna, ɗigon ya ɓace. Daga baya ta bugo mini waya ta ce ta sake lissafin, daminar duniya ko gezau ba ta yi ba.

Da bazara, rana na dukan ƙasa, na sake komawa kufan. Na ɗora hannu a kan duwatsun, ɗaya bayan ɗaya. Sun yi sanyi kamar gindin randa.