Inna ta gyara min lambu

Na dawo daga aiki na tarar da Inna, wadda ta zo mana daga Mindif, a tsakar gida da fartanya tana share gumi.

A hankali nake haɗa lambun nan. Bara waccan na dasa mangwaro, bara na jera duwatsu, bana na shimfiɗa ciyawar ado, ina ta fama da ban ruwa a zafin Garwa.

Inna ta nome ta tas.

Na ce, "Inna, ciyawar nan fa ni na shuka ta."

Ta ce, "Haka maƙwabta suka ce, na ƙaryata su, na ce ɗana da hankalinsa. Kuɓewa na sa maka."

Yanzu furanni suka rage a tsarina. Jama'a, wane fure ake miya da shi?