Yadda Na Shanye Marken Dokta

Litinin: Karaye zuwa Rogo

Na bar gida a Unguwar Hajji ƙarfe shida saura kwata, ana idar da sallar asuba. Sana'ata sayar da sassaƙe da saiwoyi a kasuwa. Wani Dokta mai binciken itatuwa a Kano ne ya ce in samo masa ganye da ɓawon marke daga bishiya bakwai na cikin kwazazzabon wajen Gwangwan, kowanne a matse cikin jarida da lambarsa. In na kai ranar Laraba, ni zan riƙa kawo masa kaya; in na saɓa, ya nemi wani.

Bas ta tashi bakwai da minti goma. A shingen hanya wani jami'i ya ga damin tsofaffin jaridu a cinyata, ya ce, "Alhaji, duk yau za ka karance su?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ganye zan yi wa shimfiɗa." Ya ce Allah ya ba ni lafiya.

Gwangwan

Daga Rogo ɗan acaɓa ya sauke ni a rugar Malam Sambo, wanda nake sayen zuma a wurinsa, ƙarfe goma da rabi. Na sha fura da nono, muka gangara. Kwazazzabon nan ya fi tsayin mutum biyar. Bishiya ta bakwai kuwa can bakin gaɓa take, sai da na hau da rarrafe, ina tari kamar tsohon injin niƙa.

Da la'asar muka dawo. Na ajiye damin marken a gindin rumbu, na yi sallah, na ɗan kishingiɗa. Can sai ga Sambo da kwano mai tururi. Na kurɓa, na ji marke ne. Na shanye, na nemi ƙari.

Na ce, "Madalla! A ina kuka samo mai ƙarfi haka?"

"Ai naka ne, Alhaji. Inna ta ji tarinka, ta ce a gidan nan baƙo ba ya dafa wa kansa magani."

"Duka bakwai ɗin?"

"Tukunya ɗaya."

"Jaridun fa?"

"Da su aka hura wutar."

Inna, mahaifiyarsa, ta leƙo tana tambayar ko ya yi ɗaci. Na ce, "Ya yi daidai, Inna, Allah ya saka." Me zan ce wa tsohuwa?

Talata

Bakwai na safe muka sake gangarawa, da takardun buhun siminti maimakon jarida. Na samu shida. Ta bakwai na ɗaga kai na dube ta, gwiwoyina suka ce ba da su ba. Na goya damin a baya da rawani, ko wurin alwala ban sauke ba.

Laraba: Kano, sai gida

Dokta ya ƙirga, ya ce, "Alhaji, ina lamba bakwai?"

Na ce, "Tana cikina, Dokta, tun shekaranjiya." Na zayyana masa komai, ban rage ba. Ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya ce mai faɗin gaskiya yake nema, in dawo wata mai zuwa da ganye da ɓawon bishiyar ƙirya.

Na shiga Karaye ana kiran magariba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Sambo da Inna, amma zuwa na gaba ko atishawa ba zan yi a rugarsu ba.