Noeline Ba Ta Taɓa Ruwa

A hanyoyin ruwan da aka haƙa bayan gidajen hutu na birnin Gold Coast da ke bakin teku, kowa ya san Noeline Tarrant da jirginta na kwasar shara. Tun gashinta na baƙi take tsamo kwalabe da ledoji da kujerun da bugaggu ke wurgawa, har ga shi ya yi fari. Amma ko yatsanta ba ya taɓa ruwan nan. Da doguwar gora mai ƙugiya take komai.

Kada ku ce ragwanta ce. 'Yan hutun nan, masu kuɗi ba hankali, in sun ci sun ƙoshi sai su juye kawunan kifi da ɓawon jatan lande a ruwa, su koma su kwanta abinsu. Wa suke ciyarwa? Kifin shak, manyan kifayen tekun nan masu kaushin fata da ke cin mutum. A farkon aikinta Noeline ta ga wani kare ya faɗa ruwa zai ɗauko ƙwallo. Ƙwallon ta dawo bakin gaɓa, karen bai dawo ba. Tun ranar tsoro ya samu wurin zama a cikinta.

Abokin aikinta Tevita, wani ƙato ɗan tsibirin Tonga mai 'ya'ya mata uku, ba ya gajiya da tsokanarta.

"Anti, ko a gida da gora kike wanka?"

"Ci gaba da surutu, ƙaton banza. Ran da suka ɗanɗana ka, sai sun yi wata ba su nemi abinci ba."

Washegarin sabuwar shekara shara ta rufe ruwan. Tevita ya rungumo wata baƙar leda, ashe fasasshiyar kwalba ce a ciki. Ta tsarge masa hannu daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Jini ya yi tsartuwa, ya bi gefen jirgi yana zuba a ruwa. Noeline ta ɗaure hannun da rigarta, ta buga waya, aka ce motar asibiti za ta jira su a gangaren da ake sauke jirage. Ta murɗa inji, ya yi ƙugi ya mutu. Igiyar wani tarkon ƙaguwa da aka yasar ta nannaɗe farfela tamau.

Ta gwada gora, ta gwada miƙa wuƙa daga sama, hannu bai kai ba. Ta yi kira, amma hagu da dama dogayen katangu ne, masu gidajen kuma barcin giyar jiya bai sake su ba. Leɓɓan Tevita sun fara yin toka-toka.

"Bari in shiga, Anti," ya ce a hankali.

"Zauna. Danne hannun nan, ka ɗaga shi sama."

Ta cire takalmi. Ruwan ya yi ɗumi, ya yi duhu kamar shayi, ga jinin Tevita na yawo a kai. Ta zura jiki har wuya, hannu ɗaya riƙe da jirgi, ɗayan na yankan igiya a makance. Tsoro take ji irin wanda ke sa bakin mutum ɗaci. Igiyar nan kuwa taurin kai gare ta, zare ɗaya-ɗaya take tsinkewa.

Sai wani abu ya gogi ƙaurinta. Mai nauyi, a hankali, ba ya sauri.

Ba ta yi ihu ba, numfashin ihun ma babu. Ta ci gaba da yanka tana kuka, har igiyar ta saki. Yadda ta hau jirgin, har yau ba ta sani ba.

A gangaren, ana ɗora Tevita kan gadon ɗaukar marasa lafiya, ya ga tana kallon ruwan.

"Leda ce ta goge ki, Anti. Na gan ta da idona, farar leda."

"Na sani," ta ce.

Sai da motar ta tafi ta naɗe ƙafar wandonta. Fatar ƙaurin ta ɗaye faɗin tafin hannu, kamar an goge ta da dutsen wasa wuƙa. Rabin rayuwarta tana tsamo ledoji, ba ta taɓa ganin wadda ke ɗaye fata ba. Ta sauke wandon, ta ɗauki gorarta, don sharar sabuwar shekara na nan tana jiranta.