Injin Yaya Bello da Kwamfutocinmu Huɗu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Bello Mai Inji na Bodinga. Ni ƙanensa ne, karatuna bai wuce firamare ba, kuma a hannuna ya bar kasuwancin gidanmu.

A ƙarshen mulkin farar hula na biyu, lokacin da sabulu da madara sai an bi layi, kayan gyaran inji suka ɓace a kasuwa. Masu niƙa da yawa suka rufe. Yaya yana da injuna uku, na niƙa da na surfe da na jan ruwa. Ya sayar da biyu, ya ja dogon ƙarfe daga na ukun, ya rataya masa bel uku, inji ɗaya yana yin aikin ukun. Mutane suka riƙa tsokanarsa, wai ya ɗora wa jaki ɗaya kayan ayari. Shi kuwa ya ce da ma rabin ƙarfin injin ke aiki, sauran hayaƙi ne. Da haka ya tsallake wahalar, har ya buɗe shagunan taki da iri a Bodinga da Shagari.

Bayansa mu huɗu muka haɗa hannu: ni, da ƙannenmu biyu, da babban ɗansa. Da aiki ya yi yawa, aka ce sai da manyan kwamfutocin nan da ake kira saba. Ɗaya ta kaya, ɗaya ta albashi, ɗaya ta kyamarori, ɗaya ta bayanan manoma. Kowannenmu ya sayi ɗaya, aka rubuta sunansa da fenti a jikinta, kamar yadda muke yi wa buhun albasa.

Hadiza, ɗiyar Yaya, ta karanta kwamfuta a Sakkwato. Ta duba ta ce kowace a cikinsu zaman banza ya fi aikinta yawa, amma wuta da sanyi sai an ba ta cikakke. Ta ce ana iya raba cikin kwamfuta ɗaya kamar ɗakuna, kowane aiki da ɗakinsa, a ajiye ta biyu don in ta farko ta tsaya a mayar da aikin can. Ƙaramin janareta ma ya isa.

Na ce mata, "To in an zo rabo, wacce za a ce tawa ce?"

Ta ce, "Baffa, in anka ci gaba hakanga, babu abin da za a raba."

Na ga rashin kunya a maganar, na hana. Na fi son abin da zan nuna da yatsa. Kuɗin gas ya yi ta tashi, janareta yana cinye ribar taki. A zafin bazara ta albashi ta ƙone, babu inda za a mayar da aikinta. Hadiza ta sami aiki a Kano ta tafi, can tana yi wa wasu abin da ta roƙe mu. Da na sauko na yarda, sauran ukun sun kafe, kowa yana gadin fentinsa, da hujjar da ni na koya musu.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Bai san kwamfuta ba, amma ina jin da ya saurari yarinyar har ta gama.

Ƙarshen watan nan za mu rufe shagon Shagari. A cikin masu barin aiki har da Malam Sani mai awo, wanda ya fara da Yaya tun yana saurayi, yanzu da jikoki a gabansa. Shaguna da suna muka gada, kuma ga su suna zubewa a hannunmu. Hankalinsa ɗiyarsa ta ɗauka, mu muka kore ta da shi. Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe mini. Gobe zan shiga mota zuwa Shagari in gaya wa Malam Sani, har yanzu ban san ta inda zan fara ba.