Shanun Ya Bukar da Suka Koma Jikin Bango

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar yayana Bukar, wanda Potiskum ta sani da Bukar Mai Zane. Da na bar ranar ta wuce da addu'a kawai, kamar yadda na saba, amma baƙuwar da na yi a watan jiya ta hana ni sukuni. Shi ya sa na ce bari in amayar da abin da ke raina.

Ya Bukar ya yi karatun zane a makaranta, ya dawo gida aka rasa inda za a ajiye shi. Lokacin ba a daɗe da yanke Yobe daga Borno ba, kowa na neman aikin ofis, shi kuwa yana rubuta allon shaguna da bayan tireloli don ya ci abinci. Hoton mutum ya daina zanawa tun da limamin unguwarmu ta Yerimaram ya ja shi gefe ya yi masa nasiha. Sai ya koma kan shanu, su ma ba kowane malami ne ya sakar masa fuska a kansu ba. Ranar kasuwa yakan tafi kara, inda ake cinikin shanu, da fensir da takarda ya raɓe a gefe. Fatake suka riƙa yi masa dariya, har ranar da Alhaji Buba, wani Bafulatani da ya bar daji ya zauna gari yana fataucin shanu, ya leƙa takardar ya ga farin bijiminsa da karkataccen ƙahonsa na hagu. Washegari za a loda bijimin zuwa Kudu. Alhaji ya ce a zana masa shi da fenti a kan yadi, ya rataye a zaure. Daga nan duk wanda zai rabu da dabbar da yake ƙauna sai ya aika a kira Bukar.

Ana nan sai ga wani mutum daga Ikko, mai laushin harshe, ya ce shi dillalin zane ne. Ya ce a Turai ba a buɗe wa baƙar fata ƙofar ɗakunan nuna zane, shi kuma ya sha alwashin sai ya buɗe ta. Ya ci tuwo da mu, ya kira mahaifiyarmu Mama. Ya Bukar ya tattara mafi kyawun ayyukansa ya ba shi. Haƙƙinsa kam ya biya, ba zan yi masa ƙazafi ba.

Da shekara ta zagayo ya dawo da hotuna, yana ta fara'a. Ga shanun Ya Bukar rataye a farin bango a ƙasar Turawa. Sai dai duk sun yi duhu, farin bijimi ya koma ruwan ƙasa, kuma kusurwar ƙasa inda yake rubuta sunansa an datse ta. Da yayana ya tambaya, mutumin bai ko ji kunya ba. Ya ce rataye su aka yi bisa murhu hayaƙi ya bi su, don su yi kama da tsofaffi.

"Malam Bukar," in ji shi, "mutanen can ba sa son su ji ka yi makaranta. In baƙar fata ya zana abu da kyau haka, sai su ce kwaikwayonsu ya yi. Ce musu na yi wani makiyayi ne da ba a san sunansa ba. Ka ƙara min wasu, amma ka daina sa suna."

Ya Bukar ya miƙe. Ya raka shi bakin ƙofa, ya dawo ya naɗe buroshinsa a tsumma. Watanni ya yi bai taɓa fenti ba, ya rame, magana ma sai da dalili. Tun daga ranar nake jin tsoron mai daɗin baki fiye da mai zafin kai.

Alhaji Buba ne ya tashe shi. Ya zo har gida, ya saurari labarin, sannan ya ce: "Bukar, yadi ake naɗewa a sa a mota. Ga bangon zaurena can, in ga wanda zai naɗe shi."

Haka aka soma. Fatake suka riƙa shafe bangon zaurukansu suna kiransa, daga cikin gari har Mamudo da Gadaka. Wannan ya kawo fenti, wancan ya aiko da nono da gero, wani ya ɗauke shi a babur. Ba ƙungiya suka kafa ba, ba su ma san sunan abin da suke yi ba. Suna kuwa bai ƙara sa shi a kusurwa ba. A kuiɓin saniya yake rubuta shi, daidai inda fatake ke sa wa shanunsu alama da fenti kafin a loda su. Ya ce min duk mai son cire sunan sai dai ya raba saniyar biyu. A kan wannan aikin yake har gajeriyar jinya ta ɗauke shi.

Yau in ya dawo ya zaga garin, ban san wa zai fara yi wa fushi ba. Ba baƙo ne ya rushe zaurukan nan ba, magada ne. Na Alhaji Buba yanzu shagon waya ne na bulo. Wanda na san ya saura shi ne namu: jar saniya da ɗan maraƙinta, a bangon ƙasa da ya soma tsagewa.

Shi baƙuwata ta zo gani. Matashiya ce baƙar fata daga Landan, ta zo da mai yi mata fassara. Ta ce ta ga ɗaya daga cikin zanen nan masu hayaƙi a ajiye can, ta yi ta bin diddigi har ta iso kara, wani tsoho ya ba ta sunan. Ta ce su ma masu zane baƙar fata a can haɗa kai suka yi, suna neman a mayar wa irin su yayana sunayensu. Ta ce akwai ƙwararrun da za su iya yanke bangon ɗungurungum su tafi da shi inda damina ba za ta taɓa shi ba. Ta tsaya gaban saniyar har idonta ya kawo ruwa. Ta ci tuwo da mu, ta kira matata Mama.

A nan na tuna da dillalin nan na Ikko. Wataƙila gaskiya take faɗa, kuma in na zalunce ta Allah ya yafe min. Amma wancan ma da maganar baƙar fata ya shigo, kuma shi ma fatarsa irin tamu ce. Ya Bukar ya fi ni saurin yarda da mutane, na san da zai ji daɗi a ce an ƙetaro teku ana tambayar sunansa. Sai dai ina jin da zai tambaya: me ya sa kullum sai saniyar ta bar gida kafin a san mai ita?

Na bar ta ta ɗauki hoto, na duba kowanne don in tabbata sunan ya fito. Na ce ta koma ta sa a rubuta Bukar na Potiskum a ƙarƙashin waɗanda aka yi wa hayaƙi, in an yi haka ta dawo mu yi magana. 'Ya'yana sun ce taurin kai ne, sun nuna min tsagar, wadda yanzu saura kaɗan ta kai kuiɓi. Ba su yi ƙarya ba, kuma duk hadarin da ya taso sai na fita zaure na duba.

Ba kabarinsa ne ya rage min na Ya Bukar ba, bangon nan ne. Na san wata damina za ta ci shi, wataƙila kafin baƙuwata ta dawo, in ma za ta dawo. Amma ruwa in ya zo, da saniyar da sunan tare zai tafi. Ba zai datse ɗaya ya rataye ɗaya ba. Allah ya jiƙan Bukar Mai Zane.